Cinikin Mikel Obi daga Lyn zuwa Chelsea, da yadda lamba goma ya koma lamba shida

A ƙarshen watan Afrilun 2005, mako guda da cikarsa shekara 18, aka zaunar da John Obi Mikel gaban 'yan jarida a Norway sanye da jar rigar Manchester United. Ranar 29 ga watan United ta sanar cewa ta daidaita da ƙungiyarsa Lyn ta birnin Oslo a kan fam miliyan 4, kuma yaron zai koma Old Trafford a Janairun 2006. Bai taɓa buga wa United wasa ko na minti ɗaya ba. Wata goma sha uku bayan wannan hoto, ranar 2 ga Yunin 2006, Chelsea ta amince ta biya fam miliyan 16 domin ta same shi: miliyan 12 ga United wadda ba ta taɓa yi masa rajista ba, miliyan 4 ga Lyn inda wasannin lig da ya buga ba su kai goma ba.

Abu biyu ne suka tsara rayuwar ƙwallon wannan ɗan wasa, kuma su ne ke tsara ta kusan kowane ɗan tsakiya da zai sauya sheƙa. Na farko takarda: wa ke riƙe da kwantiraginsa, yaushe aka sa hannu, wa ke ɗakin lokacin da aka sa. Na biyu gurbi: wane rami ne sabuwar ƙungiya ke son cikewa da shi. Takarda ce ta yanke wanda zai ci kuɗin. Gurbin kuma ya yanke irin ɗan wasan da Mikel zai zama har ya rataye takalmi.

Yadda yaron Jos ya tsinci kansa a Oslo

An haife shi a Jos ranar 22 ga Afrilun 1987. Ya bi ta makarantar horar da 'yan ƙwallo ta Pepsi, ya taɓa Plateau United, sannan duniya ta gan shi a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Finland a 2003. Ko sunan da aka san shi da shi kuskuren takarda ne: Michael ne sunansa, wajen cike fom ɗin gasar aka rubuta Mikel, ya ji sunan ya yi masa, ya bar shi. Najeriya ba ta wuce zagayen rukuni ba a gasar, amma masu farautar 'yan wasa sun riga sun rubuta sunansa.

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce, in manyan ƙungiyoyin Ingila na son yaro, me ya kai shi Norway? Katanga biyu ce. Tun 2001 FIFA ta hana a tsallaka da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata. A dokokin yanzu wannan shi ne sashe na 19, kuma ƙofofin da aka bari ƙanana ne, daga cikinsu akwai: iyayen yaro su ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba, ko yaron ya kasance tsakanin shekara 16 da 18 yana sauya ƙungiya a cikin yankin tattalin arzikin Turai, ko gidansu da ƙungiyar duk suna cikin kilomita 50 daga iyakar ƙasashen biyu. Yaron Jos ba ya cikin ko ɗaya. Katanga ta biyu izinin aiki na Birtaniya. A wancan lokaci ɗan wasan da ba na Tarayyar Turai ba sai ya buga kashi 75 cikin 100 na wasannin gasa na babbar tawagar ƙasarsa a shekara biyu da suka wuce, ƙasar kuma tana cikin 70 na farko a jadawalin FIFA, in ba haka ba sai dai a ɗaukaka ƙara gaban kwamiti a nuna cewa shi na daban ne. Mikel bai fara buga wa Super Eagles ba sai a 2005.

Shi ya sa ƙungiyoyin Ingila suka riƙa ajiye yaran Afirka a ƙasashen da dokarsu ke da sauƙi. United na da alaƙa da Royal Antwerp ta Beljiyam, Arsenal na da Beveren. Mikel da wasu yaran Najeriya, cikinsu har da Chinedu Obasi, Oslo aka kai su, suna karatu suna atisaye da Lyn. Daga baya Chelsea ta ce da hannunta a wannan tafiya, kuma akwai fahimtar juna tsakaninta da wakilan yaron cewa Landan zai je idan lokaci ya yi. A nan matsalar ta samo tushe. Fahimtar juna ba rajista ba ce. Wanda ya ajiye kaya a rumbun wani ba tare da shaida ba, ranar ɗauka sai abin da mai rumbu ya ce.

Makon da ya cika 18

Ranar da yaro ya cika 18 ita ce ranar da darajarsa ke sauyawa a kasuwa, domin daga ranar zai iya sa hannu a kwantiragin ƙwararru, a kuma sayar da shi waje. Bambancin mai son da ƙwararre a dokar FIFA ba magana ce ta iya wasa ba. Ƙwararre shi ne wanda ke da rubutaccen kwantiragi da ƙungiya kuma ake biyansa fiye da abin da yake kashewa a harkar ƙwallon. Wanda ba shi da wannan, ƙungiyarsa ba ta da abin sayarwa. In ya tashi tafiya iyakarta kuɗin horarwa. Don haka duk fam miliyan 4 da Lyn ta nema a wajen United sun rataya ne a kan takarda ɗaya, wadda ke nuna cewa Mikel ma'aikacin Lyn ne.

United ta bi ta ƙofar da doka ta nuna, wato ta yi magana da ƙungiyar da ake ganin ita ke riƙe da ɗan wasan. Abin da aka tsallake shi ne wakilansa. An sa hannu ba sa wurin. Kwanaki kaɗan bayan haka labari ya juya: Mikel ya ce matsa masa aka yi ya sa hannu ba tare da masu ba shi shawara ba, kuma shi Chelsea yake so. A watan Mayu, lokacin wani wasan kofin Norway da bai cikin waɗanda za su buga, ya bar filin aka daina ganinsa, sai ga shi a Landan tare da wakilinsa John Shittu. Mataimakin kocin United Alex Ferguson, Carlos Queiroz, ya fito ya zargi Chelsea da ɗauke yaron. United da Lyn suka kai ƙara FIFA.

Ana cikin wannan ne aka buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan, kuma ita ce ta ƙara wa wutar fetur. Ƙarƙashin Samson Siasia, Mikel ya buga a matsayin mai raba ƙwallo bayan 'yan gaba, wato lamba goma, Najeriya ta kai wasan ƙarshe a Utrecht ranar 2 ga Yuli, Ajantina ta ci 2-1 da fenareti biyu na Lionel Messi, Obasi ya ci wa Najeriya. Messi ya ɗauki kyautar gwarzon gasa, Mikel na biyu, Taye Taiwo na uku. Yaron da aka yi cinikinsa miliyan 4 a Afrilu ya wuce wannan farashi a Yuli, kuma kowa ya san haka. Daga nan babu wanda zai janye don kunya.

A watan Agusta FIFA ta ce ya koma Lyn ya ci gaba da aiki kafin ta yanke hukunci kan ainihin rikicin, ya kuma koma a Satumba. A Janairun 2006, watan da ya kamata a ce yana Manchester, yana Masar tare da Super Eagles a gasar cin kofin Afirka, inda ya shigo daga benci a wasa da Zimbabwe ya ci ƙwallo ya kuma bayar aka ci.

Me ya sa Chelsea ta biya maimakon ta jira hukunci

A nan ne lissafin yake da daɗi. A ido, Chelsea ta biya ninki huɗu na farashin da United ta yi ciniki. Amma a duba abin da ke gabanta in ta ƙi biya. Dokar FIFA kan karya kwantiragi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sashe na 17, ta ware wani lokaci na kariya: shekara uku na farko ga wanda ya sa hannu kafin ya kai 28, shekara biyu ga wanda ya haura. Wanda ya karya a cikin wannan lokaci, bayan diyya, za a dakatar da shi wata huɗu, har shida in laifin ya yi muni. Ƙungiyar da aka samu da zuga shi kuma za a hana ta yi wa sabon ɗan wasa rajista na kasuwa biyu a jere. Ga Chelsea, ƙungiyar da Roman Abramovich ya saya a 2003 kuma take sayayya kowace bazara, rufe mata kasuwa na shekara guda ya fi fam miliyan 16 ciwo nesa ba kusa ba. A 2005 ɗin ma hukumar gasar Firimiya ta ci ta tara kan ganawa da Ashley Cole a ɓoye yana ɗan wasan Arsenal. Ba lokacin sake shiga irin wannan shari'a ba ne.

Akwai kuma takardar izinin sauya ƙasa, wadda ake kira ITC. Ba a yi wa ɗan wasa rajista a sabuwar ƙasa sai hukumar ƙwallon ƙasar da ya baro ta aiko da ita. Muddin Lyn na cewa nata ne kuma ta sayar wa United, hukumar Norway ba ta da hanyar aika wa Chelsea wannan takarda. Ɗan wasa mai shekara 19 da ba ya buga wasan ƙungiya kullum darajarsa raguwa take, ƙafarsa na yin sanyi. Lokaci yana cin Chelsea da Mikel, ba ya cin United.

United kuwa ta gane cewa ko ta ci shari'a, abin da za ta samu yaro ne da ya faɗa wa duniya ba ya son ta. Sai ta sayar da haƙƙinta. An biya ta miliyan 12 kashi biyu, rabi da kammala ciniki, rabi a Yunin 2007, Lyn ma aka biya ta nata kashi-kashi, kowa ya janye ƙararsa. A bazarar nan ta 2006 United, wadda Roy Keane ya bar ta tun Nuwamban 2005, ta sayo Michael Carrick daga Tottenham a kan fam miliyan 14 da za su iya kai wa 18.6. Kusan a ce kuɗin Chelsea ne ya saya mata ɗan tsakiyan da ya yi mata shekara goma sha biyu.

Ƙurar ba ta gama lafawa a nan ba. A 2008 kotu a Norway ta samu tsohon daraktan Lyn, Morgan Andersen, da laifin ƙirƙirar takardun bogi a kan kwantiragin Mikel, ta yanke masa ɗaurin shekara guda na jeka-ka-gyara-halinka. Wato takardar nan ɗaya da aka gina cinikin a kanta ita ce ta rushe. Chelsea ta shigar da ƙara a Landan tana neman kuɗinta daga Lyn da Andersen, daga baya aka sasanta a wajen kotu. A 2010 Lyn ta durƙushe saboda bashi.

Inda aka yi sakaci, mataki-mataki

Cinikin ɗan wasa mai kwantiragi yana da tsari. Mai saye zai sanar da ƙungiyar ɗan wasan a rubuce kafin ya tuntuɓe shi, sai dai in saura wata shida ko ƙasa da haka kwantiragin ya ƙare, a nan ɗan wasa na da 'yancin sa hannu da wanda ya ga dama. Ƙungiyoyi biyu su daidaita kan farashi, yadda za a biya, ƙarin da ya danganta da yawan wasa ko kofuna, da kason da mai sayarwa zai samu in an sake sayarwa. Sannan a zauna da ɗan wasa da wakilinsa kan albashi, tsawon kwantiragi wanda ba ya wuce shekara biyar (uku ga wanda bai kai 18 ba), da kuɗin sa hannu. Gwajin lafiya ya biyo baya, kuma dole a yi shi kafin a rattaba hannu, domin dokar FIFA ba ta yarda a rataya ingancin kwantiragi a kan sakamakon gwajin lafiya ko samun izinin aiki ba. Ƙungiyar da ta sa hannu sannan ta gano gwiwa a lalace take, ta saya ke nan. Daga nan sai izinin aiki, ITC, da rajista kafin a rufe kasuwa.

A lamarin Mikel kowane ɓangare ya tsallake mataki guda. Chelsea ta dogara da alkawarin baki da wakilai ba tare da yarjejeniya da ƙungiyar da yaron ke bugawa ba. United ta ɗauki maganar mai sayarwa kan kwantiragin, ta kuma karɓi sa hannun ɗan shekara 18 da mako ɗaya ba tare da wakilinsa ko lauyansa a gefe ba. Doka ba ta hana ba, amma shi ne ya ba shi hujjar cewa tilasta masa aka yi. Shi kuma yaron ya sa hannu, ya sa riga, ya yi murmushi gaban kyamara. Wannan hoto ya fi kowace takarda wahalar gogewa.

Yau da wuya a maimaita irin wannan sak. Tun Oktoban 2010 duk cinikin ƙasa da ƙasa sai ya bi ta manhajar FIFA ta TMS, inda ƙungiyoyin biyu kowacce za ta shigar da bayananta daban, ta ɗora kwantiragi, kuma in farashi ko ranakun biya ba su zo ɗaya ba ITC ba za ta fita ba. Tun Mayun 2015 an hana wani na uku mallakar kaso a cikin kuɗin sayar da ɗan wasa. Ingila ta koma tsarin maki tun Janairun 2021, inda maki 15 ke ba da izini, ana lissafa wasannin ƙasa, ƙarfin lig ɗin da aka baro da yawan mintunan da aka buga. Sashe na 17 shi ma ya girgiza a Oktoban 2024 da kotun Tarayyar Turai ta ce wasu sassansa sun saɓa wa dokar Turai, a shari'ar Lassana Diarra. Abin dariya, Diarran nan yana cikin waɗanda Mikel ya tarar suna jiran gurbin lamba shida, wato ɗan tsakiyan da ke tsayawa gaban masu tsaron baya, a Chelsea.

Wani abu da ya shafi ƙungiyoyin gida kai tsaye shi ne kason tallafi. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa mai kwantiragi zuwa wata ƙasa, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 12 zuwa 15 kowacce na da kashi 0.25 na farashin, daga 16 zuwa 23 kowacce kashi 0.5. A cinikin fam miliyan 4, abin da za a raba fam 200,000 ne, kuma wanda ya riƙe yaron yana ɗan 16 na shekara guda yana da fam 20,000. Sai dai ana biya ne bisa abin da ke rubuce a fasfon ɗan wasa na hukumar ƙwallo. Makarantar da ta horar da yaro shekara huɗu ba ta yi masa rajista ba, a idon FIFA ba ta taɓa ganinsa ba.

Gurbin da ya tarar

An ba shi izinin aiki a Yulin 2006, aka ba shi riga mai lamba 12. Sai a dubi tsakiyar da ya shiga. Frank Lampard na cin ƙwallo ashirin a kaka daga tsakiya kuma ba ya fashin wasa. Michael Essien ya zo daga Lyon a 2005. Michael Ballack ya iso daga Bayern Munich a bazarar da Mikel ya zo. Duk wurin da mai kai hari daga tsakiya zai tsaya a cike yake da manya. Wuri ɗaya ne ke da ranar buɗewa: na Claude Makélélé, wanda ya kai shekara 33. Kocin Chelsea Jose Mourinho ya dubi yaro mai tsawon mita 1.88, mai ƙarfin da ba a ture shi daga kan ƙwallo, mai natsuwa in an matse shi, ya ga magajin Makélélé.

Aikin lamba goma da na lamba shida sun yi hannun riga, duk da cewa taku ashirin ne kawai tsakaninsu a fili. Lamba goma yana karɓar ƙwallo tsakanin layukan abokan hamayya, ya juya, ya gwada zura ta ta ƙaramar kafa. In ya gwada sau biyar ɗaya ta wuce, ya yi aikinsa, domin in ta lalace akwai mutum shida ko bakwai a bayansa. Lamba shida ba shi da wannan gata. A bayansa masu tsaron baya biyu ne kawai da gola. Ƙwallon da ya zubar ita ce ke zama hari kai tsaye.

Don haka sai an sake masa tarbiyya daga tushe. Kafin ƙwallo ta iso zai waiga ta kafaɗa sau biyu ya san wa ke zuwa. Zai karɓa jikinsa a karkace, da ƙafar da ke nesa da mai kawo masa, don ya ga fili ba tare da ya juya ba. Taɓawa biyu, ta wuce. In Ashley Cole ya hau ta hagu, shi zai zame ya rufe bayansa. In mai tsaron baya ya fito da ƙwallo, shi zai koma gurbinsa. In an ƙwace ƙwallo a gaba, aikinsa na farko ba ƙwatowa ba ne, jinkirta harin ne na daƙiƙa uku ko huɗu har sauran su dawo, yana tsaye a kan layin da ke tsakanin mai ƙwallo da ɗan gabansu. Sai in ba makawa zai yi ƙeta, kuma a yi ta can kusa da tsakiyar fili, da jan riga ko kafaɗa, ba da zamiya ba.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ba wa tsofaffin lamba goma wahala, domin ba su saba auna lokacin tara ba. Sukan taso a makare, su zube ƙasa, ko dai a wuce su ko a ba su kati. Kakar Mikel ta farko ta nuna haka. An kore shi da katin gargaɗi biyu a Reading a Oktoban 2006, a wasan nan da Petr Čech ya samu karaya a ƙoƙon kai. An sake ba shi jan kati a wasan ƙarshe na kofin Lig da Arsenal a Fabrairun 2007, a hatsaniyar da ta tafi da Kolo Touré da Emmanuel Adebayor. An kuma ci shi tara kan makara zuwa atisaye. Amma zuwa Mayu shi ne a cikin sha ɗayan farko a wasan ƙarshe na kofin FA, na farko a sabon Wembley, inda Chelsea ta doke United 1-0. Da Makélélé ya tafi Paris Saint-Germain a 2008, gurbin ya zama nasa.

Alƙaluman da masu sukarsa ke ɗagawa gaskiya ne: wasa 372 a Chelsea, ƙwallo shida, ɗaya tak a gasar Firimiya, a ragar Fulham a Satumban 2013. Sukar da ake yi masa ta yawan mayar da ƙwallo gefe da baya ma tana da ƙamshin gaskiya, kuma akwai wasannin da yake riƙe ƙwallo ya wuce ƙima har harin ya mutu. Sai dai auna lamba shida da yawan ƙwallayen da ya ci kamar auna mai gadi ne da yawan baƙin da ya shigo da su. Ma'aunin da ya fi shi ne yawan kociyoyin da suka zo suka tafi, daga Avram Grant zuwa Luiz Felipe Scolari, Guus Hiddink, Carlo Ancelotti, Roberto Di Matteo da Rafael Benítez, kowa da tsarinsa, kuma duk sun yi amfani da shi a wannan wuri.

Daren da ya fi nuna amfanin sauyin shi ne 19 ga Mayun 2012 a Munich. Chelsea ta shiga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da Bayern a filin Bayern, babu John Terry, Branislav Ivanović, Ramires da Raul Meireles, duk an dakatar da su. Mikel da Lampard ne a gaban masu tsaron baya. Bayern ta riƙe ƙwallo ta yi ta ruwan hari, amma an toshe mata tsakiya, aka tura ta gefe da bugun nesa. Mikel ya buga minti 120 cif. Thomas Müller ya ci a minti na 83, Didier Drogba ya farke a na 88, Čech ya tare fenaretin Arjen Robben a ƙarin lokaci, Chelsea ta ɗauki kofin da 4-3 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ba a ɗora lamba goma a irin wannan aiki.

Ko da ya je United zai zama wani Paul Scholes ne? Masu wannan magana suna mantawa cewa United ma magajin Keane take nema a lokacin, kuma wanda ta saya a madadinsa, Carrick, a gaban masu tsaron baya ya yi rayuwarsa.

Fita

Ficewarsa ta fi shigarsa sauƙi. Nemanja Matić ya dawo a Janairun 2014 ya karɓe wurin, Hiddink ya farfaɗo da Mikel a rabin kakar 2015-16, sannan a bazarar 2016 N'Golo Kanté ya zo tare da sabon koci Antonio Conte. A daidai lokacin da Conte ke gina tawagarsa Mikel ya tafi gasar Olamfik ta Rio, ya jagoranci Najeriya ta ci tagulla da doke Honduras 3-2. Ya dawo bai sake buga wa Chelsea wasa ba. Ɗan tsakiyan da bai yi atisayen share fagen kaka da sabon koci ba, sai wani ya ji rauni kafin a tuna da shi, kuma a wannan kaka Kanté da Matić ba su ba da ƙofa ba.

A Janairun 2017, saura wata shida kwantiraginsa ya ƙare, Chelsea ta sake shi kyauta zuwa Tianjin TEDA ta Sin, a watan da Oscar ya koma Shanghai SIPG, Odion Ighalo kuma Changchun Yatai. Mutumin da aka kashe fam miliyan 16 a kansa ba a sake biyan kuɗi mai yawa don sayensa ba: Middlesbrough a Janairun 2019, Trabzonspor ta Turkiyya a bazarar shekarar, inda suka raba gari a Maris ɗin 2020 bayan ya fito fili ya ce bai kamata a ci gaba da wasa ana tsakiyar annobar korona ba, sai Stoke City, sai Kuwait SC. Ya sanar da ritaya a Satumban 2022.

A tawagar ƙasa kuwa, rigar lamba 10 ya riƙa sawa, kuma kociyoyi sun daɗe suna neman yaron nan na gasar Holan ta 2005 a jikinsa. Stephen Keshi ya ba shi 'yancin hawa gaba a 2013, Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a Afirka ta Kudu, shi kuma ya zo na biyu bayan Yaya Touré a zaɓen gwarzon Afirka na shekarar. A gasar duniya ta 2018 a Rasha, Gernot Rohr ya ajiye shi bayan ɗan gaba a wasan farko da Kuroshiya. Ƙwallo ba ta riƙa isa gare shi ba, in ta iso kuma bayansa na kallon raga, aka ci Najeriya 2-0. A wasa na biyu da Iceland a Volgograd, Rohr ya koma masu tsaron baya uku, ya janyo Mikel ƙasa, ya bar Wilfred Ndidi da Oghenekaro Etebo su yi gudu a gefensa. Ahmed Musa ya ci biyu, aka tashi 2-0.